An yafe mana bashi, sukari bai sauko ba: lissafin Sudan daga kantin Kawu a Gadarif

Ƙarshen watan shida na 2021 ne, ina zaune a kantin kawuna a Gadarif ina taya shi ƙulla sukari a leda, rediyo na ta zuba, sai muka ji wai ga albishir, Sudan ta shiga shirin yafe bashi, za a sauke mata sama da dala biliyan 50 cikin wajen biliyan 56 da duniya ke binta. Kawu ko ɗago kai bai yi ba, yana ta juya shafin jarura, littafin nan da ake rubuta masu ɗaukar kaya sai ƙarshen wata su biya. Can sai ya ce min, "Kai ɗan boko, an yafe mana ko? To gobe nawa zan sayo buhun sukari?" Na ce Kawu ai abin sai a hankali. Ya ce "a hankalin nan ne ya cinye min jari."

'Yan makonni bayan nan aka fitar da lissafin tsadar kaya na watan bakwai, ya haura kashi 422 cikin ɗari. Ma'ana abin da ka saya jine 100, wato kuɗin Sudan, bara war haka, bana sai ka ajiye 500 da ɗoriya. Ba a taɓa ganin irinsa a ƙasar nan ba, kuma ya faɗo daidai lokacin da aka ce an sauke mana kaya mafi nauyi. Tun ranar tambayar Kawu take ci na, shi ya sa na ce bari in zauna in bi zaren daga farko, don ni a ganina yawancin masu magana kan bashin Sudan lambar kawai suke kallo, ba sa duba ta ina bashin yake bi har ya iso bakin kanti.

Abu na farko da mutane ba sa sani ba, wannan bashin ba na jiya ba ne, akasarinsa tun zamanin Numeiri aka ciyo shi, shi da ya mulki ƙasar daga 1969 zuwa 1985. A shekarun 1970 ƙasashen Larabawa masu fetur sun samu kuɗi kamar ƙasa, aka ce Sudan za ta zama rumbun abincin Larabawa, ga Nilu ga fili ga manoma, kuɗi kawai ake jira. Aka ciyo bashi aka kafa kamfanin sukari na Kenana, aka buɗe gonakin Rahad nan kusa da mu, aka fara haƙa magudanar Jonglei a kudu a 1978 wadda yaƙi ya tsayar da ita ba a gama ba. Ban ce duk kuɗin an yi sama da faɗi da su ba, wasu ayyukan har yau suna nan, amma dai an ciyo da dala, kuma abin da zai kawo dalar biya, wato audugar Jazira, lokacin ne ta fara ja da baya. Kafin 1978 jine ɗaya yana sayen dala 2.87, e haka ne, jine ya fi dala tsada, tsofaffinmu idan suna ba da labarin sai ka ce tatsuniya. A shekarar aka fara karya darajarsa da shawarar asusun lamuni na duniya IMF, daga nan kuma bai sake miƙewa ba.

A 1984 Sudan ta fara kasa biyan IMF ɗin kansa. Numeiri ya faɗi a watan huɗu na 1985 bayan an fito kan titi saboda tsadar burodi da mai, ya bar bashin da bai wuce dala biliyan 9 zuwa 10 ba. To ta yaya 9 ta koma 56?

Nan ne littafin Kawu ya fi min kowane malamin jami'a bayani. Akwai wani shafi a jarurar, na wani mutum da ya ɗauki kaya ya bar unguwa shekaru da yawa, Kawu bai yage shafin ba amma kuma bai ƙara ko sisi a kai ba, yadda ya bar shi haka yake, don mu a wajenmu ƙarin riba ce. Littafin duniya ba haka yake ba. Idan ka daina biya, kuɗin ruwa na hawa, sai tarar jinkiri ta hau kan ruwan, sai shekara ta zagayo a haɗa duka a sake ɗora wani. Shekara talatin da wani abu ana haka. Lokacin da aka zo lissafi, wajen kashi 85 cikin ɗari na bashin duk wanda wa'adinsa ya wuce ne ba a biya ba, kuma ruwa da tara sun fi uwar kuɗin yawa. A lokacin Kuwait kaɗai tana bin mu dala biliyan 9.8, ba wai ta taɓa ƙirga mana wannan adadin a hannu ba ne, tsohon bashi ne ya yi ta haihuwa a takarda.

Yanzu ga inda abin ke da ɗaure kai. Idan da girman bashi shi ne ke nuna halin da talaka ke ciki, da shekarun 2000 sun zama shekarun wahala, don bashin kullum gaba yake yi, har ya kusa dala biliyan 40 kafin 2011. Amma duk wanda ya rayu a lokacin ya san ba haka aka yi ba. An fara fitar da fetur a 1999, dala ta shigo, jine, da lissafin sabon jine, ya tsaya wajen biyu zuwa biyu da rabi a kan dala shekara da shekaru, tsadar kaya ta lafa, aka yi tituna da gadoji, aka buɗe madatsar Marawi a 2009 da kuɗin Sin da asusun Larabawa. A 2007 aka canza kuɗi, sabon jine ɗaya ya zama daidai da tsoho dubu, shi ya sa har gobe za ka ji mutum ya ce "miliyan biyar" yana nufin dubu biyar, baƙo idan ya zo sai ya ɗauka duk attajirai ne a kasuwar. Kawu a shekarun nan ya sayi firij na biyu, ya aurar da 'ya'ya biyu, ya sauke farali. Wa ke maganar bashi? Gwamnati ba ta biya, masu bi sun yi fushi sun rufe ƙofa, mu kuma ba mu damu da ƙofar ba tunda akwai taga, fetur ne tagar.

Ranar 9 ga watan bakwai 2011 kudu ta ɓalle, ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na fetur ɗin. Bashin fa? A yarjejeniyar Addis Ababa ta 2012 aka tsaya kan cewa Khartum za ta riƙe shi duka, bisa sharaɗin ƙasashen biyu su haɗu su nemo yafiya cikin shekara biyu. Yafiyar ba ta zo ba. Rijiya ta tafi, guga ya rage a hannunmu da igiyar aro.

Daga nan ne bashin ya fara cizo, kuma ba ta hanyar da mutane ke zato ba. Mutane na ɗauka ana kwashe kuɗin asibiti da makaranta ne ana biyan Turawa, a wasu ƙasashen haka ne, amma mu ai ba biya muke ba in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Cizon shi ne ƙofar nan da aka rufe. Ƙasar da ke da tsohon bashi a Bankin Duniya da IMF da Bankin Raya Afirka, ƙa'idarsu ba za su ba ta sabon kuɗi ba sai ta wanke na baya. Ga kuma Amurka ta sa mu a jerin masu goyon bayan ta'addanci tun 1993, ta ƙaƙaba takunkumi a 1997, sannan a 2014 aka ci bankin BNP Paribas na Faransa tarar kusan dala biliyan 9 kan karya takunkumin, galibi saboda mu'amala da Sudan, daga nan sauran bankunan duniya suka ɗauke ƙafa, ko sunanmu ba sa son gani a takarda. Na faɗi wannan ne don kada a ɗora wa bashi laifin komai, abubuwa ne suka haɗu suka yi wa ƙasar ƙawanya.

To gwamnati tana da giɓi a kasafi, harajin da take tarawa bai kai kashi 10 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa a shekara ba, ga tallafin mai da alkama yana laƙume kuɗi, ga sojoji da jami'an tsaro da yaƙin Darfur da Kordofan da Nilu Shuɗi, kuma babu mai ranta mata daga waje. A cikin gida ana sayar da takardun Shahama, mutane da bankuna su zuba kuɗi a ba su rabo, amma wannan nawa zai toshe? Sai aka koma wa inji. Babban banki ya shiga buga jine yana bai wa gwamnati, ya kuma shiga sayen zinariya daga masu haƙa da farashin kasuwar bayan fage, da sabon kuɗin da ya buga, don ya samu dalar shigo da alkama da mai a ba da su da farashin gwamnati. Ka ga an cika kasuwa da takarda, kaya kuma ba su ƙaru ba. A farkon 2018 farashin dala na gwamnati ya tashi daga ƙasa da jine 7 zuwa 18, kafin ƙarshen shekarar ya kai 47.5, kuɗinka na banki amma ka yi layi tun asuba a ce ba tsaba. Watan sha biyu burodi ya tashi daga jine ɗaya zuwa uku a Atbara, zanga-zanga ta ɓarke, Gadarif ma tana cikin garuruwan farko da suka fito, zuwa 11 ga watan huɗu 2019 shugaba Bashir ya sauka.

A wannan tsakanin ne Kawu ya yi wani abu da sai daga baya na gane girmansa. Ya lura duk wanda ya ɗauki ratal biyu na mai (ratal shi ne ma'aunin da muke awo da shi) a farkon wata, idan ya zo biya a ƙarshe, kuɗin da ya kawo ba ya sayen ratal biyun, wato mai bashi ne ke cin riba, mai kanti ke asara ba tare da kowa ya cuce shi ba. Sai ya daina rubuta kuɗi a jarura, ya koma rubuta kaya. Wance, sukari kilo ɗaya, ganyen shayi ƙulli biyu, sabulu uku. Ranar biya, farashin ranar za ka biya. An yi ta mita, wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta ce masa "Alhaji kai ma ka zama gwamnati ne?" ya ce "Inna, gwamnati ce ta koya min." Amma ka duba da kyau, abin da masu bin Sudan bashi suka yi ke nan tun 1970, ba su rubuta da jine ba, da dala da sauran kuɗinsu suka rubuta. Bashin da gwamnati ta ci da jine, tsadar kaya na narkar da shi kamar ƙanƙara a rana, masu Shahama da masu ajiya a banki da 'yan fansho su ne suka biya shi ba su sani ba. Na dala kuwa ko gezau, sai ma ƙara nauyi yake duk ranar da jine ya faɗi.

Bari in kawo shi da lissafi mai sauƙi. A ce ana binka dala 100, albashinka jine 11,000. Idan dala tana 55, bashinka jine 5,500 ne, rabin albashin wata. Aka wayi gari dala ta koma 375, bashin ya zama 37,500, sama da albashin wata uku, alhali ko kwabo ba ka ƙara ranta ba. Haka yake ga ƙasa. Lambar nan da ake yawan kawowa, cewa bashi kashi kaza ne cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa, wanda masana ke kira GDP, a Sudan tana tsalle ne gwargwadon farashin dalar da mai lissafin ya ɗauka, na banki ko na titi. Lokacin yafiyar an ce ya haura kashi 160. To Japan fa, nata ya haura kashi 200 shekara da shekaru, kuma ba wanda ke layin burodi a Tokyo, saboda da kuɗinta ta ci, akasari a hannun 'yan ƙasarta, ruwan kuma ɗan kaɗan ne. Yayana da ke aiki a Jidda ya tuna min ita kanta Saudiyya a ƙarshen shekarun 1990 bashinta ya kai kusan daidai da duk abin da take samarwa a shekara, riyal bai motsa daga 3.75 ba, da fetur ya yi tsada ta biya har ya koma ƙasa da kashi 2 a 2014. Don haka ni wannan lambar ita kaɗai ba ta gaya min komai.

Lambar da nake ganin ta fi faɗin gaskiya a kanmu ita ce ta fitar da kaya, don bashin dala da dala ake biyansa, dala kuma daga riɗin da ake aunawa da kintar a kasuwar amfanin gona ta Gadarif take zuwa, da ƙaro, da gyaɗa, da tumakin da ake lodawa zuwa Saudiyya, da zinariyar da ba ta bi ta barauniyar hanya ba. A 2019 da 2020 duk abin da muke fitarwa a hukumance wajen dala biliyan 4 ne a shekara, abin da muke shigowa da shi kuma wajen biliyan 9. Raba 56 gida 4. Shekara goma sha huɗu ke nan muna sayar da komai ba mu sayo ko ƙwayar magani ba kafin mu fita. Duk manomin da ya taɓa cin shel, ya karɓi kuɗi a damina kan zai biya da buhu a kaka, ya san akwai bashin da in ya kai wani wuri ba noma ne zai fitar da kai ba.

Gwamnatin riƙon ƙwarya ta firaminista Hamdok ta zo ta ce sai an buɗe ƙofar nan ko ta halin ƙaƙa. An biya Amurka diyyar dala miliyan 335 kan hare-haren ofisoshin jakadancinta na 1998 da na jirgin ruwan Cole, aka cire mu daga jerin ta'addanci ranar 14 ga watan sha biyu 2020. Ranar 21 ga watan biyu 2021 aka saki jine daga 55 zuwa 375 a kan dala lokaci guda. Gaskiya 55 ɗin dama ƙarya ce, ba mai samun dala a haka sai 'yan lele, yayana shekara da shekaru ta hannun 'yan canji yake aiko wa mahaifiyarmu riyal, wa zai kai banki a yanke masa kashi biyar cikin shida? Bayan sakin ne karon farko na ga mutane sun shiga banki da dala a hannu da ƙafarsu. Watan shida kuma aka janye tallafin fetur da dizal gaba ɗaya, kuɗin raksha, wato keke mai ƙafa uku, da na lodin kaya suka tashi, komai ya bi su.

Yadda aka wanke tsohon bashin ma abin dariya ne in ka ji. Amurka ta ranta mana dala biliyan 1.15 a watan uku, aka miƙa wa Bankin Duniya, shi kuma da ya ga littafi ya yi fari sai ya ba da kyautar kuɗi aka mayar wa Amurka abinta, kuɗin ko Khartum ba su kwana ba. Ingila ta jagoranci irin wannan a Bankin Raya Afirka, Faransa ta yi na IMF da dala biliyan 1.5 bayan taron Paris na 17 ga watan biyar. Sudan ta zama ƙasa ta 38 da ta kai wannan mataki a shirin yafe wa ƙasashe matalauta bashi, wanda a nan muke kira Hibik, a watan bakwai ƙungiyar masu bin bashi ta Paris ta soke dala biliyan 14.1. An yi alkawarin kyautar wajen biliyan 2 daga Bankin Duniya cikin shekara biyu, da shirin IMF na kusan biliyan 2.5.

To ga amsar tambayar Kawu, wadda ban iya ba shi a ranar ba. Yafiyar ba ta sa ko jine ɗaya a aljihun gwamnati nan take ba, don an yafe abin da dama ba a biya, kamar Kawu ya yage shafin mutumin nan da ya gudu, kantin ba zai ƙaru da ko ƙwayar ashana ba. Amfaninta shi ne ƙofa ta buɗe, sabon kuɗi ya shigo, a kashe injin buga takarda, jine ya tsaya, daga nan farashi ya lafa, kuma wannan aikin shekaru ne. Kuɗin buɗe ƙofar kuwa, wato sakin jine da janye tallafi, shi a take aka karɓa, daga aljihun mai raksha da mai shayi da mai agashe. Abin da aka tanada don rage zafin shi ne Samarat, dala 5 a wata ga kowane mutum a gida, ku ɗauki dala biyar ku shiga kasuwa a watan da tsada ta kai kashi 422 ku dawo ku ba ni labari. Ni dai ra'ayina, hanyar daidai ce, babu wata, amma an ɗora wa talaka kayan duka a gaba an ce ladan na tafe a baya, kuma waɗanda suka ci moriyar dalar 55 da zinariyar fasa ƙwauri ba su ɗauki ko kashi ɗaya ba.

Duk da haka an fara ganin alama. Dala ta tsaya wajen 440 zuwa 450 na wasu watanni, banki da titi sun kusa haɗuwa, tsadar ta fara saukowa daga watan takwas. Sai ga 25 ga watan goma 2021, shugaban sojoji Janar Burhan ya kifar da gwamnatin. Cikin kwanaki Amurka ta dakatar da tallafin dala miliyan 700, Bankin Duniya ya tsayar da biya, daga baya ƙungiyar Paris ta jingine yarjejeniyarta. Yafiyar dama mataki biyu ce, mun taka na farko, ba mu kai na ƙarshe ba inda ake yage shafin gaba ɗaya. Mun biya kuɗin ƙofa, aka sake rufe ta muna tsaye a bakin zaure. Ana kukan targaɗe sai ga karaya, 15 ga watan huɗu 2023 yaƙi ya ɓarke, dalar da ke wajen 600 kafin nan ta haura 2,000 a 2024.

Gadarif ta cika da mutanen Khartum da Madani da Sinja, har da danginmu na Mai Wurno, wasu a makarantu wasu a gidajen 'yan uwa, ɗaki ɗaya mutum goma. Ciniki yawanci ya koma Bankak, manhajar banki ta tura kuɗi a waya, a nuna maka waya ka ga saƙo ya shigo ka miƙa kaya, in intanet ta ɗauke kowa ya tsaya yana kallon kowa. Kawu ya buɗe jarura ta uku saboda baƙin, har yanzu kaya yake rubutawa ba kuɗi ba. Kwanaki na gan shi yana kwafe tsofaffin sunaye daga littafin da ya yage zuwa sabo, da ya iso shafin mutumin nan da ya bar unguwa sai ya tsaya, na ce Kawu wannan ai sai a bar shi. Ya lissafa, ya ce kuɗin da ke shafin gaba ɗaya yau ba za su sayi burodi biyu ba. Ya tsallake shi ya ci gaba da na gaba.